Lambar Da Ke Jikin Kwalin RAM Ba Alkawari Ba Ce

RAM ɗin waya yadda ya zo haka za ka yi amfani da shi, amma a kwamfutar tebur ana canza shi, har a ƙara masa gudu. A nan ne mutane da yawa ke jefa kansu cikin matsala.

Ka sayi RAM an rubuta 6000 a kwalinsa, ka saka, ka duba Task Manager ka ga 4800. Sai ka shiga BIOS ka kunna XMP. Kana sake kunna kwamfutar, fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin. Nan take sai zargi: "An sayar min da jabu." Ni a ganina, sau da yawa RAM ɗin lafiyarsa ƙalau, fahimtarmu ce ke da gyara.

Kowane RAM yana da gudunsa na asali. DDR4 yakan tashi a 2133 ko 2400, DDR5 kuma a 4800. Babbar lambar kwalin nan sai an kunna XMP, tsarin Intel, ko EXPO da AMD ta fito da shi a 2022. Ma'ana tura shi ake yi ya wuce ƙa'ida, a kuma ƙara masa wuta: DDR5 da ke aiki a 1.1V yakan koma 1.35V.

Kuma ba RAM kaɗai ke yanke hukunci ba. Sashen da ke sarrafa shi yana cikin furosesa. Misali, Ryzen 7000 a hukumance 5200 yake ɗauka idan RAM biyu ne, idan ka cike gurbi huɗu sai ya sauko 3600. Abin da ya haura haka yana iya yiwuwa, amma ba wanda ya yi maka rantsuwa a kai. Furosesa biyu iri ɗaya ma, wani ya ɗauka wani ya ƙi.

To idan ta ƙi tashi fa?

1. Yi haƙuri tukuna. DDR5 yakan ɗauki wasu mintuna yana daidaita kansa a kunnawar farko, sikirin ba komai.
2. Idan shiru, cire wayar wuta, ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, daga madabod na kamar minti biyar. BIOS zai koma saitinsa na asali.
3. Duba gurbi. A yawancin madabod masu gurbi huɗu, RAM biyu na shiga na biyu da na huɗu ne daga furosesa, wato A2 da B2. Danna shi sosai har ya kama.
4. Gwada su ɗaya bayan ɗaya ba tare da XMP ba. Wanda ya ba da matsala a gudunsa na asali, shi ne na mayarwa shago.
5. Sabunta BIOS, amma don Allah kada ka fara sai kana kan UPS ko inbata. A ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya.
6. Kunna XMP, sannan ka rage gudun mataki-mataki: 6000 ya ƙi, gwada 5600, ya ƙi, 5200.

Abin da ya fi ban tsoro ba kwamfutar da ta ƙi tashi ba ce, ita ai ta faɗa maka gaskiya. Wadda ta tashi alhali RAM na tafka kuskure a ɓoye ita ce abar tsoro. Yau shuɗin sikirin, gobe manhaja ta rufe kanta, jibi bidiyon bikin da ka kwana kana haɗawa ya ƙi buɗewa ga mai shi na jira. Shi ya sa tashi kaɗai ba hujja ba ce. Saka MemTest86 a filash ka bar shi ya yi zagaye huɗu. Kuskure ko guda ɗaya ne, rage gudu. Ka kuma tuna da zafi: saitin da ya zauna lafiya lokacin hunturu yana iya fara tangal-tangal a watan Afrilu.

Wani zai ce, "Ai kuɗin 6000 na biya, me zai sa in zauna a 5600?" Maganarka tana kan hanya, kuma a wasu wasannin gem akwai ɗan bambanci. Amma a aikin yau da kullum da wuya idonka ya gane shi, alhali asarar aikin kwana uku kowa zai gane ta. Batun ƙara wuta da hannu kuwa, ka kiyaye. A 2023 wasu furosesa Ryzen 7000X3D sun ƙone saboda wutar wani sashensu ta yi yawa, har AMD ta taƙaita ta a 1.3V ta sabon BIOS.

Shawarata kafin ka saya: duba jerin RAM ɗin da kamfanin madabod ɗinka ya gwada, ana kiransa QVL, yana shafinsu. Sayi biyu da suka zo a kwali ɗaya, kada ka haɗa na wannan shago da na wancan ko da lambarsu ɗaya. Idan 32GB kake so, 16GB biyu sun fi 8GB huɗu kwanciyar hankali.

Sauri ya haifi nawa. Wa ya taɓa cin karo da wannan matsalar, kuma a gudu nawa kwamfutarsa ta zauna lafiya?