Kifin ado mai farauta: a daina shagwaɓa shi da nama



Akwatin gilashin kifi ya fara yawa a shaguna da falukan 'yan uwanmu a nan Legas, musamman wurin matasa masu sayar da waya. Da can ƙananan kifaye masu launi ake zubawa. Yanzu ido ya koma kan masu farauta, irin su oska da arowana, da namu na gida kamar gartsa da yauni. Ƙorafin da muke ji kullum ɗaya ne: wai kifin ya ƙi cin komai sai nama, ko sai ƙaramin kifi mai rai. Shawarar da ake ba juna kuma ita ce a ba shi abin da yake so. Mu ba mu yarda da wannan shawara ba, domin ita ke kashe kifin a hankali, kuɗin da aka zuba su bi ruwa.

A kogi, kifi mai farauta ba ya zaɓar tsoka. Abin da ya kama haɗiye shi yake gaba ɗaya, da kai da ƙashi da hanta da abin da ke cikin hanji. Daga ƙashi da ɓawo yake samun abin gina nasa ƙashin, daga kayan ciki yake samun bitamin. Oska, wanda asalinsa kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, yawancin cimarsa ƙwari ne da jatan lande da ƙananan kifaye. Bai taɓa haɗuwa da saniya ba.

Nan ne matsalarmu ta fi yawa, saboda nama ba ya mana wuya. Da yawanmu muna da ɗan uwa a kwatar Oko-Oba, guntun tsoka ko hanjin kaza kyauta ne. Amma kitsen dabbar tudu ba ya narkewa yadda ya kamata a cikin kifi, taruwa yake a hanta. Za ka ga kifin ya yi ɓul-ɓul kana murna, alhali ciwo ne ke cin sa.

Kifi mai rai ma ba mafita ba ne. Jan kifin nan da ake kira golfish, wanda aka fi jefa musu, yana ɗauke da wani sinadari mai suna tiyaminas da ke lalata bitamin B1. Kifin da aka daɗe ana ba shi golfish kaɗai sai ya fara rasa daidaito a iyo, yana karkacewa, ƙarshe ya daina cin abincin ma. Waɗanda ake kamowa a lagun ko magudanar ruwa kuwa, da tsutsotsi da cututtukansu suke shigowa akwatin. Ramukan da ke fitowa a kan oska, masu kiwon kifi sun daɗe suna danganta su da rashin abinci mai kyau da dattin ruwa.

Wani zai ce, to ya ƙi ci, in bar shi ya mutu? Ba zai mutu ba. Babban kifi mai lafiya yana iya yin mako guda bai ci komai ba, kuma ko a kogi ba kullum farauta ke yin kyau ba. Mai shi ne ke kasa haƙuri, kwana biyu ya ji tausayi ya jefa nama, kifin kuma ya gane cewa in ya yi yaji za a lallashe shi. Sai dai kafin a hora shi da yunwa a duba ruwan tukuna, domin kifin da ruwansa ya ɓaci ko yake ciwo shi ma ƙin ci yake. Ƙanana masu tasowa kuma ba a yi musu wannan horo.

Idan ruwa lafiya, a bar shi kwana uku ko huɗu, sannan a jefa ƙwayar abincin kifi ta kamfani guda biyu ko uku. Bai ci ba bayan minti goma, a kwashe, gobe a sake. Wanda ya kafe, a yanka tsokar karfasa siriri a cusa ƙwayar a ciki, a riƙe da tsinke ana motsawa kamar mai rai. Ita ƙwayar ce ya kamata ta zama tuwonsa, sauran su zama miya: tana, gyare, shingen da ke taruwa gindin fitila bayan ruwan sama, jatan lande da ɓawonsa jefi-jefi. Ban da soyayyar fara mai gishiri da yaji, ban da kyankyason gidan da aka fesa wa fiya-fiya. Abincin tarwaɗa da wasu ke amfani da shi saboda araha yana rage zafi, amma an haɗa shi ne don a ƙiba kifi a kai kasuwa cikin 'yan watanni, ba don wanda zai shekara goma a falo ba.

Gartsa da yauni halinsu daban. Da dare suka fi neman abinci, kuma ba da ido suka dogara ba: gartsa da sansane yake bi, yauni da ɗan lantarkin da jikinsa ke fitarwa. A ba su abinci mai nutsewa bayan an kashe fitila. Da yawa daga cikinsu daga kogi aka kamo su, wasu ba za su taɓa karɓar ƙwaya tsurarta ba, sai dai a yi ta sauya musu cima.

Akwai kuma batun wuta, wanda duk mun san halinta. Ragowar nama da kashin kifi suna zama amoniya a ruwa, kuma injin tacewa da famfon iska ne ke rage illarta. An ɗauke wuta da dare, an bar tsoka a ƙasan akwati, da safe a tarar da kifi ya juya ciki sama a ce maita ce. Ruwa ba ya tsami banza. Babban kifi, ci kaɗan sau uku ko huɗu a mako ya ishe shi.

Mun san abin da ke jan wasu shi ne bidiyon da za a ɗora a TikTok, a ga babba ya haɗiye ƙarami ana ihu. Wannan ba kiwo ba ne. Duk mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kan matar da ta tsare mage, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba. Kifin da ke cikin gilashi ba shi da inda zai je neman abin da jikinsa ya rasa, haƙƙin yana wuyan wanda ya tsare shi.

Wanda bai saya ba tukuna, ya sa mai sayarwa ya ciyar da kifin a gabansa ya ga me yake ci. Ya kuma tambayi girmansa nan gaba: oska yana kai santimita 30, ya rayu sama da shekara 10, yauni kuwa yana iya wuce mita ɗaya da rabi, kuma duk kifin da aka haɗa shi da shi a akwati abincinsa ne.

Wassalam.
Sakatare