Kujerar Illela da Gwadabawa: A Tambaye Su Maganar Iyaka

Mai ƙuri'a a Darna Sabon Gari ta ƙaramar hukumar Illela bai manta da zaɓen 2023 ba. Ya yi layi ranar 25 ga Fabrairu, aka ce zaɓen 'yan Majalisar Tarayya a Sakkwato bai kammala ba, sai 15 ga Afrilu aka ƙarasa. Yanzu masu neman kujerar Illela da Gwadabawa sun fara ɗumama jiki don 2027, za a ga fastoci a jikin kowace katanga.

Mu dai ra'ayinmu, a ajiye batun buhun shinkafa da turmin atamfa, a tambayi kowannensu maganar iyaka. Daga Illela zuwa Ƙonni ta Nijar tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur, dangi ɗaya ne, ciniki ɗaya. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. Wanda ya ga manyan motoci jere a bakin hanya, albasa na ruɓewa cikin buhu, 'yan dako na zaune a inuwa babu ko sisi, ya san abin da muke nufi.

Gaskiya ne, ɗan majalisa ba shi ke rufe iyaka ba, amma yana da bakin magana a zauren Abuja, yana iya neman a kira shugabannin kwastan su yi bayani gaban kwamiti. Duk wanda ya zo Darna neman ƙuri'a, a zaunar da shi a ji ta bakinsa kan wannan tukuna.