"Da sauƙi" ba ta cika takarda

Makon jiya na raka Inna, ƙanwar mahaifiyata, gidan likita neman takardar shaidar nakasa. Shekara uku ke nan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. Likita ya ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi ɗana." Har ya ɗauki biro. Na ce, "Likita, yi haƙuri, ko buta ba ta iya ɗagawa, wanka ma sai an yi mata." Ya aje biron, ya sake duba ta da kyau.

Ƴan uwa, ɓoye ciwo tarbiyyarmu ce. To amma ma'aikacin da zai duba dosiyen bai taɓa ganin Inna ba. Abin da likita ya rubuta, shi kaɗai zai gani.

Tun 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, doka kuma ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Haƙƙi ne, ba bara ba. Sai dai ƙofarsa takardar likita ce.

Don haka in za ku je, ku ɗauki karne da tsofaffin takardun magani. Ku raka mara lafiya, kar ya je shi kaɗai. Ku faɗi ranar da ta fi tsanani, ba ranar sauƙi ba.

Ku kuma likitocinmu, mun san layi ya yi muku yawa. Amma sunan cuta bai isa ba, ku rubuta abin da ta hana mutum yi.