Sunan Kyanwa Ba Makamin Habaici Ba Ne

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, wajen Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, ya san ƙasa ce wadda ba a barin gona ta huta. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun yi ƙanƙanta, sai an kai taki kowace shekara kana a sami gero da dawa da wake da gyaɗa. Abin da aka samu da irin wannan wahala kuwa, da ya shiga rumbu ɓera na nan yana jiransa. Saboda haka kyanwa a wannan karkara ba abin ado ba ce, ma'aikaciya ce. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta lasafta kiwonta cikin dabarun tsare kai daga zazzaɓin Lassa, ciwon nan da ɓera ke yaɗawa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969.

Hausa ba ta rage ta da suna ba. Ana ce mata kyanwa, ana ce mata mage ko kuliya, namijin kuwa muzuru. A wasu wurare mussa a ke cewa, kuma ku da kuka koyi boko ku lura, "s" biyu ne, kada hannu ya zame ku rubuta sunan Annabi.

Akwai masu cewa raɗa wa dabba suna wauta ce, ko al'adar Nasara. Waɗannan ba su yi bincike ba. Taguwar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Ƙaswa'u a ke kiranta, alfadararsa kuwa Duldul. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma, 'yar kyanwar da ya ke ɗauka ce ta jawo masa laƙabin Abu Huraira, har laƙabin ya danne sunan yanka, malamai suka yi ta saɓani a kansa. Ga shi yau muna sa wa 'ya'yanmu mata Hurera, ba wanda ya ce an yi abin kunya. Wanda ya dubi launin kyanwarsa ya ce mata Fara ko Toka, ko yara suka ga gajeren bindinta suka laƙaba mata Guntuwa, babu mai ƙararsa.

Waɗanda na ke faɗa da su daban su ke. Su ne masu mai da sunan kyanwa kibiya. Mace ta sami saɓani da abokiyar zamanta, ba za ta kai magana gun mai gida ba, ba za ta kai gun iyaye ba, sai ta nemo 'yar mage ta raɗa mata Kya-gaji, ko Ta-fi-ki, ko Zaman-banza. Ba ta kiranta sai kishiya ta fito tsakar gida da tukunya, sa'an nan a ɗaga murya, "Kya-gaji, zo ki ci tuwo!" Kada maza su yi dariya, domin su ma suna ciki. Mutum ya yi gardamar iyakar gona da maƙwabcinsa, dagaci ya raba, amma ya koma gida ya sa wa muzurunsa Ci-iyaka, ya riƙa ƙwala masa kira safe da yamma. A ƙasar da dangar kara ɗaya ce tsakanin gida da gida, wa zai ce ba a ji ba?

In an tuhume su, amsa ɗaya gare su: "Ni da kyanwata na ke." Haba! A 2019 waɗansu masana a ƙasar Japan sun gwada kyanwoyi, suka tarar suna iya rarrabe sunansu daga sauran kalmomi. Watau amon sunan ta ke ganewa, ta san in ta ji shi abinci na tafe. Amma ma'anar Zaman-banza fa, ina ruwan kyanwa da ita? Ma'ana ta mai jin Hausa ce, mai jin Hausa kuwa a tsakar gidan nan an san ko wace ce. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana mu jifan juna da miyagun laƙubba, kuma wanda ya bi ta kan kyanwa ya jefi ɗan'uwansa bai fita daga hanin ba.

Waɗansu kan ce ai habaici gishirin magana ne, gara a faɗa wa mage da a kai ga dambe. Lalle Bahaushe na son magana mai lauje cikin naɗi, ni ma ba na ƙinta a bakin maroƙi. Amma zagin baki a kan yi shi sau ɗaya ya wuce, a ba da haƙuri. Sunan kyanwa kuwa kullum sai an maimaita, yara su ɗauka, baƙi su tambayi dalili, har bayan an shirya sunan na nan yana tono abin da aka binne.

Sa'an nan ku dubi wanda ke biyan bashin. Wadda aka yi wa habaici ba ta iya taɓa mai kyanwa, sai ta huce a kan kyanwar. Yau muciya, gobe ruwan zafi, jibi a ba yaro ya ɗaure ta cikin buhu ya kai ta bayan gari. Mun kuwa san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa. Kafin a kai ga kaka ta gaba ɓera ya koma rumbu yana cin rabon wadda ta raɗa sunan da na wadda aka raɗa dominta, bai tambayi wa ke da gaskiya ba.

Mai gida shi ne da alhaki, tun da a kunnensa a ke kiran. Ranar da ya fara jin irin wannan suna ya tara iyalinsa, ya tambayi abin da ke ƙarƙashin maganar, ya raba gardamar, sa'an nan ya sauya sunan. Sauyin ba ya bukatar rago ko wanzami. A riƙa kiranta da sabon suna duk lokacin da za a ba ta abinci, da sannu za ta saba.