Darajar Tsohuwar Tirela A Kan Hanya Take

Gabatarwa

Idan aka ambaci tirela, abin da kan fara faɗo wa mai karatu a rai shi ne doguwar motar nan mai ɗaukar siminti ko shanu. To, ba ita ake nufi a nan ba. A ƙasar Amurka akwai wata irin ƙaramar tirela wadda ainihinta ɗaki ne a bisa tayoyi, da gado da murhu da tebur da 'yar ma'ajiyar ruwa a cikinsa. Ba ta da inji, sai dai a ɗaura ta a bayan mota a ja, duk inda dare ya yi a nan za a kwana. Sunan da ya fi dacewa da ita a Hausa shi ne tafi-da-gidanka. Daga cikin ma'abota wannan tirela akwai waɗanda sabuwa ba ta gabansu. Sukan nemi wadda aka ƙera tun shekarun 1940 ko 1950 ko 1960, su gyara ta, su shiga ƙungiya, su riƙa fita ayari suna ya da zango tare a daji ko a bakin tafki.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in bayyana wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ra'ayina game da waɗannan ƙungiyoyi. A ganina aikinsu abin yabo ne, amma yabon yana da sharaɗi, wato tirelar ta ci gaba da tafiya. Ranar da aka mayar da ita kayan kallo ko hajar masu kuɗi, ranar ƙungiyar ta rasa dalilin kafa ta.

Asalin ƙungiyoyin

A shekarar 1919 wasu matafiya suka taru a wani fili da ake kira DeSoto Park a birnin Tamfa na jihar Filorida, suka kafa ƙungiya mai suna Tin Can Tourists, wato 'yan yawon buɗe ido na gwangwani. Mutane ne daga jihohin arewa waɗanda kan gudo kudu lokacin hunturu a cikin motocinsu na Ford, suna kwana a tanti ko a cikin motar. Wasu na danganta sunan da abincin gwangwani da suke ci a hanya, wasu kuwa da laƙabin da ake yi wa motar Ford ta wancan zamani. Alamarsu ita ce gwangwani da sukan liƙa a kan murfin lagireto, don su gane juna a hanya. Abin lura a nan shi ne, ba attajirai ne suka kafa ta ba. Mutane ne masu matsakaicin hali da suka ga cewa rashin kuɗin otal bai isa ya hana su ganin ƙasarsu ba. Ƙungiyar ta dushe daga baya, sai a 1998 aka farfaɗo da ita a wani sansani kusa da garin Milford na jihar Mishigan, a matsayin ƙungiyar masu tsofaffin tireloli ko da wane kamfani ne ya ƙera su.

Ƙungiya ta biyu da ta cancanci ambato ta samo asali ne daga Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin Airstream. A 1936 ya fitar da tirela mai suna Clipper, wadda aka yi jikinta da fallayen alminiyam da aka haɗa da ƙusoshi kamar yadda ake yi wa jirgin sama. Byam bai tsaya ga sayarwa kawai ba, ya zama madugu uban tafiya. A 1951 ya ja ayarin tireloli 63 zuwa Meziko da Amurka ta Tsakiya. A 1955 mabiyansa suka kafa ƙungiya da sunansa, wadda aka san 'ya'yanta da shuɗiyar hula da jajayen lambobi a goshin tirelolinsu. A 1959 ya taso da tireloli 41 daga Keftawun na Afirka ta Kudu, suka ratsa Kwango da Kenya da Habasha, inda suka gana da Sarki Haile Selassie, suka isa Alƙahira a 1960. Byam ya rasu a 1962, amma ƙungiyar tana nan, kuma tun 1993 tana da reshe na musamman domin tirelolin da suka kai shekara 25 ko fiye.

Mata ma ba a bar su a baya ba. A 1999 wasu mata biyu, ya da ƙanwa, masu sha'awar kamun kifi da fatsa suka kafa Sisters on the Fly, ƙungiyar mata zalla wadda ta yi fice da ƙananan tsofaffin tireloli da akan yi wa fenti da zane-zane.

Abin da ayari ke rayawa

Dalilina na farko na yaba wa waɗannan mutane shi ne sana'ar gyara da suke rayawa. Tsohuwar tirela ba ta da sauƙin sha'ani. Ɗauki irin ta kamfanin Shasta, wanda ya fara aiki a 1941, mai 'yan fukafukai biyu a baya. Ƙashinta katako ne, fatarta alminiyam. Da zarar ruwan sama ya sami kafa ta gefen taga ko ta rufi, sai katakon ya ruɓe daga ciki alhali waje yana ƙyalli. Mai gyaran kirki dole ne ya ɗaye fallayen, ya fitar da ruɓaɓɓen katako, ya sassaƙa sabo, sa'an nan ya mayar. A cikin aiki guda sai mutum ya zama kafinta, ya zama maƙeri, ya zama mai haɗa waya, ya zama tela mai ɗinkin labule. Irin wannan ilimi ba a littafi kaɗai yake ba. A zango ake koyonsa, inda dattijon da ya shekara talatin yana fama da irin tirelar zai durƙusa ya nuna wa sabon shiga yadda ake buɗe boris a sa masa maiƙo. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. A zamanin da abu kan lalace a jefar a sayi sabo, mutumin da ya sa abin da aka ƙera a 1958 ya ci gaba da aiki ya yi wa duniya hidima, ko da bai sani ba.

Dalili na biyu shi ne zumunci. Da yawa daga cikin tsofaffin tirelolin nan ƙanana ne ƙwarai, wasu ma babu banɗaki a cikinsu. Wannan ƙunci da kansa shi ke fito da mutane waje. A waje ake girki, a waje ake hira a bakin wuta, kowa ya kawo abin da ya dafa a haɗa a ci tare. A yawancin tarukansu akan ware wasu sa'o'i da kowa zai bar ƙofarsa a buɗe, mutanen gari su shiga su gani, su yi tambaya. A hanya kuwa, in tayar wani ta fashe, na bayansa ba ya wucewa ya bar shi. Sabuwar tirela ta zamani, mai talabijin da na'urar sanyaya ɗaki, takan sa mutum ya je daji ya kulle kansa kamar yana gida. Tsohuwar ba ta ba shi wannan dama. Zumunta a ƙafa take, su kuwa waɗannan sai mu ce tasu a taya take.

Inda gizo ke saƙa

Duk abin da jama'a suka so, kasuwa ba ta barinsa. Tirelar da a da akan tsinta a bayan gona, kaji na kwana a ciki, a saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yanzu ta zama abin nema. Akwai masu saye su shafa mata fenti, su rataya labule mai kyau, su rufe ruɓaɓɓen katako da sabon allo, su sayar wa wanda bai sani ba. Akwai kuma masaukai da suka jera tsofaffin tireloli a wuri ɗaya suna ba da hayarsu kamar ɗakunan otal, alal misali a garin Bisbee na jihar Arizona. A 2015 kamfanin Shasta da kansa ya sake fitar da samfurinsa na 1961, guda 1,941, sababbi ful amma da kamannin tsofaffi. Ba na cewa waɗannan sana'o'i haramun ne. Abin da nake cewa shi ne, sun nuna cewa ana iya sayen kamannin tsufa da kuɗi, amma ba a iya sayen ilimin da gyara ke bayarwa, ko amanar da tafiya ke ginawa.

Haɗarin ya shiga har cikin ƙungiyoyin. A wasu taruka akan ba da kyauta ga tirelar da ta fi kama da yadda ta fito daga masana'anta. Gasa ba laifi ba ce, domin tana sa a kiyaye asali. Amma idan ta yi yawa sai ka ga mutum yana tsoron fita da tirelarsa kada tsakuwa ta ƙwarzane ta, yana goge alminiyam har ya zama madubi, yana ƙyamar na kusa da shi don ya sa sabon firji. Daga nan sai mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunyar zuwa da tasa. Ƙungiyar da aka fara da masu cin abincin gwangwani ba ta da hujjar raina mai tirela mai lotsawa. Wanda yake son a adana tirela yadda take ba tare da ta motsa ba, akwai gidan tarihi da aka gina domin haka a garin Elkhart na jihar Indiyana. Aikin ƙungiya daban ne da na gidan tarihi.

Sukar da ake yi

Masu suka suna da hujjoji biyu masu nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko ita ce haɗari. Gaskiya ne tsofaffin wayoyin lantarki kan haddasa gobara, tsohon bututun gas kan yi yoyo, murhun ɗumama ɗaki da ya lalace kan fitar da iska mai guba marar wari wadda kan kashe mutum cikin barci. Wasu sansanoni masu zaman kansu ma ba sa karɓar tirelar da ta haura shekara goma. Amsata ita ce, wannan hujja ce ta shiga ƙungiya, domin a can ne ake gaya wa mutum abin da dillali ya ɓoye masa. A can zai koyi cewa taya tana tsufa ko da ba a taka ta ba, kuma akwai lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. A can zai ji cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya kamata ya sauka a kan mahaɗinta da mota, in ba haka ba ta riƙa lilo a hanya har ta kayar da motar. Don haka ina goyon bayan masu sauya birki da waya da bututu da na zamani, ko da hakan zai hana su cin gasar asali. Rigakafi ya fi magani, kuma rai ya fi kyautar gasa.

Suka ta biyu ta fi zurfi. Ana cewa waɗannan ƙungiyoyi suna begen wani zamani ne da bai yi wa kowa daɗi ba. Wannan ma gaskiya ne. A shekarun da aka ƙera tirelolin nan, baƙar fatar Amurka ba ya iya tsayawa duk inda ya ga dama. Tun 1936 wani ma'aikacin gidan waya mai suna Victor Hugo Green ya riƙa buga littafin jagora da ke nuna wa baƙaƙe masaukai da gidajen abinci da za su karɓe su, aka ci gaba da buga shi har tsakiyar shekarun 1960, bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964. A gandun dajin Shenandoah na jihar Bajiniya har sansani daban aka ware wa baƙaƙe. Ayarin Byam na 1959 kuwa ya taso ne daga ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, ya ratsa Kwango tana hannun Beljiyam. Wanda ya ƙawata tirelarsa da kayan 1955, ya sa tufafin 1955, ya ce lokacin nan ne duniya ke kwance lafiya, ya faɗi rabin labari ne kawai. Sai dai laifin zamani ba ya kan katako da alminiyam. Abin da ya wajaba a kan ƙungiyoyin shi ne su faɗi tarihin duka, kuma su tabbata cewa jikokin waɗanda aka hana zango jiya sun sami wuri a bakin wutar yau. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai ƙofa tana buɗe kuma farashin shiga bai fi ƙarfin talaka ba, wanda shi ne batun da na faro da shi.

Kammalawa

A taƙaice, ma'aunin da nake auna kowace irin wannan ƙungiya da shi guda uku ne. Shin tirelolinta suna fita hanya, ko kuwa hoto kawai ake ɗaukarsu? Shin tsofaffin hannu suna koya wa sababbi gyara, ko kuwa kowa yana kai tasa ga ɗan kwangila? Shin mai tirela mai tsatsa yana samun wurin zama daidai da mai ƙyalli? Ƙungiyar da ta amsa waɗannan da kyau ta gaji mutanen 1919 gado na gaskiya. Wadda ta kasa, ko da tirelolinta sun fi madubi haske, kasuwar kayan tarihi ce ta buɗe. Waɗanda suka ƙera waɗannan ɗakuna sun sa musu tayoyi ne domin su yi tafiya, kuma lotsawar da tsakuwar hanya ta yi wa tirela ita ce shaidar cewa ta yi aikin da aka yi ta dominsa.