Ra'ayinmu: A Tantance Masu Karɓar Ɗalibanmu A Gidajen Tarihi

A kowace shekarar karatu, makarantunmu kan kwashi ɗalibai zuwa Gidan Makama da ke Kano, ko gidan tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952, ko kuwa na Kaduna. Ziyara ce mai albarka, domin yaron da ya ga gumakan Nok da idonsa da wuya ya manta da darasin. Sai dai da an shiga ƙofa, akan damƙa yaran rukuni-rukuni ga masu zagayawa da baƙi, wasu ma'aikata, wasu 'yan sa-kai, waɗanda malami bai san halinsu ba.

Doka ta wajabta wa malami yin rajista da hukumar TRCN kafin ya shiga aji. To, don me ba za a binciki bayan wanda zai riƙe yara talatin a lungunan gidan tarihi ba?

Ingila ba ta farga ba sai da aka yi asarar rai. A 2002, wani mai kula da ginin makaranta a garin Soham ya kashe 'yan mata biyu masu shekara goma, alhali an ɗauke shi aiki ba tare da an gano zarge-zargen da aka taɓa yi masa ba. Wannan ya sa aka tsaurara bincike, kuma tun 2012 hukumar DBS ke tantance masu aiki da yara, har da 'yan sa-kai.

Mu ma muna da abin da za mu fara da shi. A Nuwamban 2019 aka ƙaddamar da kundin sunayen masu laifin fyaɗe da lalata a ƙarƙashin hukumar NAPTIP, 'yan sanda kuma suna bayar da takardar shaidar halin kirki. Muna kira ga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da ta wajabta duba waɗannan kafin ɗaukar ma'aikaci ko karɓar ɗan sa-kai. Mutumin kirki ba shi da abin tsoro a nan, hasali ma tantancewar kariya ce ga mutuncinsa.

Amma kundi ba ya ƙunsar sunan wanda asirinsa bai tonu ba. Saboda haka shugabannin makarantu su tambayi sunayen waɗanda za su karɓi yara tun a wasiƙar neman izinin ziyara. Kowane rukuni ya tafi da malaminsa, kada a bar yaro shi kaɗai da baƙo, ko da rakiya ce zuwa bayan gida. Iyaye mu suka ba amana, kuma mu za su tambaya.