Filin Gida da Iyali: Bushiya a Akwati, Amana a Wuyan Maigida

A wannan fitowa za mu tattauna ne a kan wata ƙaramar halitta da duk wanda ya tashi a arewa ya sani, wato bushiya, wadda yanzu ta fara samun masu sha'awar ajiye ta a gida, musamman yara da samari da ke ganin hotunanta a wayoyinsu. Wani yaron zai je hutu Tamale ko Bawku ya dawo da ita a cikin kwali, wani kuma zai dame iyayensa sai an saya masa. Kafin maigida ya ce to, ya kamata ya san nauyin da yake shirin ɗauka.

Tamu ce, ba baƙuwa ba

Da yawa daga cikin yaranmu na Nima da Maamobi sun ɗauka bushiyar da suke gani a hannun Turawa dabbar ƙasashen sanyi ce. Ba haka ba ne. Wadda aka fi kiwo a Amurka da Turai da Japan asalinta bushiyarmu ce ta Afirka, mai farin ciki da yatsu 4 a ƙafafun baya, wadda masana ke kira Atelerix albiventris. Mazauninta shi ne dajin ciyawa da ya taso daga Senegal, ya ratsa arewacin Ghana da ƙasar Hausa, har zuwa gabashin Afirka. Daga nan aka riƙa kwasar ta zuwa Amurka a shekarun 1980, har zuwa 1991 lokacin da hukumomin can suka hana shigo da ita daga Afirka don gudun cutar baki da kofato da ke kama shanu. Waɗanda ke hannunsu a yau jikokin na farko ne, an haife su a keji, sun saba da hannun mutum tun suna jarirai. Wannan shi ne babban bambanci: wadda aka kamo a gona jiya dabbar daji ce, kuma ba za ta zama irin ta cikin hoto ba don kawai an saka ta a akwati.

Nauyin babbar bushiya yakan kama daga giram 250 zuwa 600, tsawonta kuma santimita 15 zuwa 25. Ƙayoyin bayanta sun kai dubbai, kuma da su da farcen mutum abu ɗaya aka yi su. Ba ta harba su, ba su da dafi, kada kuma a haɗa ta da beguwa mai dogayen ƙayoyi. A daji tana yin shekara 2 zuwa 3, a hannun mai kula da ita kuwa takan kai 4 zuwa 6. Da rana barci take yi, da dare take fita kiwo, ita kaɗai, tana yin tafiya mai nisa tana shinshina ƙasa. Duk wahalar kiwonta daga waɗannan halaye biyu take: dabbar dare ce, kuma ba ta son taro.

Abin da addini da doka suka ce

Malamai sun kafa hujja da labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi kuma Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba, cewa ya halatta a ajiye dabba a gida. Amma sun gindaya sharaɗin ciyarwa da shayarwa da rashin cutarwa, saboda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba a kan kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Yaro bai kai munzalin ɗaukar alhaki ba. Saboda haka idan bushiya ta mutu da ƙishirwa a bayan ɗaki, tambayar tana kan babban da ya yarda aka kawo ta.

Ta fuskar doka kuma, a Ghana namun daji suna ƙarƙashin kulawar Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji, kuma ajiye dabbar daji a gida yana bukatar lasisi daga gare su. Haka nan daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba na kowace shekara an hana farauta da kamun namun daji, domin lokacin haihuwarsu ne da renon 'ya'ya. Wanda ya ɗauke uwa a irin wannan lokaci, to ya bar jarirai a rami su mutu da yunwa.

Makwanci da shimfiɗa

Kwalin madara ko tsohon bokiti ba gida ba ne. Tana bukatar akwati ko babbar roba mai tsawon kusan mita 1 da faɗin rabin mita ko fiye, mai santsin bango don kada ta hau, mai isassun ƙofofin iska, da murfin raga saboda kyanwa da ɓera. Ƙasan ya zama shafaffe. Kejin tsuntsu mai ƙasan waya yana karya mata yatsu. A saka mata ɗan maɓoya a ciki, kamar ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kwantar ko kwali mai ƙofa, domin bushiyar da ba ta da wurin ɓuya ba ta samun barci.

Shimfiɗa mafi sauƙi a wurinmu ita ce takarda da aka yayyanka, ko tsohon zane mai laushi wanda ba ya zare. A kula da wannan ƙwarai: zare ɗaya ko gashin kitso ɗaya idan ya naɗe mata ƙafa yana iya tsayar da jini har ƙafar ta lalace. Garin katako da ake samu wajen kafintoci yana da ƙura mai shiga hanci da ido, kuma sau da yawa an yi wa katakon feshin maganin gara, don haka a guje shi. A kwashe kashi kullum da safe, a sauya shimfiɗa gaba ɗaya sau ɗaya a mako, a wanke akwatin da sabulu a shanya ya bushe sarai.

Zafin da ya dace da ita shi ne digiri 24 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyas. A nan Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, ba sanyi ne abin tsoro ba, zafin ɗakin kwano ne, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. Idan ka gan ta ta baje ciki a ƙasa tana haki, zafi ya yi mata yawa, a mai da ita inuwa mai iska. Kada a bar akwatin a rana, ko kusa da murhun gawayi, ko kusa da janareto. Ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska shi ma haɗari ne, domin sanyi yana sa jikinta ya mutu ta daina ci. Hayaƙin maganin sauro da feshin ƙwari kuwa guba ne gare ta, a fitar da ita kafin a yi, kada a dawo da ita sai warin ya wuce.

Tun da dabbar yawo ce, a sama mata wurin motsa jiki. Masu kiwonta a waje suna saka mata gargare mai juyawa a wuri ɗaya, mai faɗin kusan santimita 30, marar ramuka. Idan babu, a sake ta a ɗaki rufaffe bayan sallar Isha'i na tsawon awa guda, babba yana kallo. Tsakar gidan haya mai kwata a buɗe ba wurin sakinta ba ne. Kuma kowace bushiya da akwatinta: maza biyu faɗa za su yi, mace da namiji kuwa cikin kwana 35 sai ka ga 'ya'ya, uwar kuma idan aka dame ta tana iya cinye su.

Abinci

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Uwargida za ta ji tausayi ta zuba mata madara ko ragowar koko. To, cikin bushiya ba ya narkar da madara, gudawa take sa ta, gudawa kuma tana kashe ƙaramar dabba cikin 'yan kwanaki. Don haka babu madara, babu nono, babu fura, babu wagashi. Tuwo da ƙosai da wake da shinkafa da burodi ba abincinta ba ne. Duk abin da ya ji gishiri ko barkono ko albasa ko tafarnuwa a nisanta shi da ita, haka nan piya da inabi da zabibi da cakulan. Gyaɗa tana maƙale mata a dasashi, ɗanyen nama da ɗanyen ƙwai kuma suna ɗauke da ƙwayoyin cuta.

A daji abincinta ƙwari ne: gyare, fara, gara, shinge, buzuzu, tana da dodon-koɗi. A gida, abin da likitocin dabbobi suka fi ba da shawara a inda babu abincin da aka haɗa musamman dominta shi ne busasshen abincin kyanwa mai kyau, marar yawan kitse, babban cokali 1 zuwa 2 a kowane dare, a daddaka shi kaɗan idan ƙwayoyin sun yi girma. A ƙara mata da 'yan ƙwari masu tsabta, da ɗan dafaffen ƙwai ko dafaffen naman kaza marar gishiri sau 2 ko 3 a mako, da ɗan yankin gwanda ko ayaba jefi-jefi. Kada a kamo mata kyankyason bayan gida ko na kwata, domin mai yiwuwa ya riga ya ci magani, sai guba ta bi ta cikinta. A zuba abinci da magariba, a ɗauke ragowar da asuba saboda tururuwa. Ruwan sha mai tsabta ya kasance kullum a ƙaramin kwano mai nauyi wanda ba za ta kifar ba, marar zurfi.

Ƙiba ita ce cutar bushiyar gida. Idan ta kasa dunƙulewa gaba ɗaya saboda kitse, abinci ya yi yawa, yawo ya yi kaɗan.

Lafiyarta da lafiyar gida

Lafiyayyar bushiya idonta a buɗe yake tar, hancinta da ɗan danshi, kashinta a daskare, kuma tana dunƙulewa da ƙarfi idan an taɓa ta. Alamun ciwo su ne ƙin cin abinci fiye da kwana 1, gudawa ko koren kashi, zubar ƙaya mai yawa tare da ɓawon fata da susa, kumburi a baki ko a jiki, jini a fitsari, da tangaɗi a ƙafafun baya. Wadda aka kamo daga daji sau da yawa tana zuwa da kaska da ƙuma da ƙananan ƙwari masu cin fata. Kada a shafa mata kananzir ko baƙin mai, kada a ba ta farasitamol ko maganin kaskar kare. A kai ta wurin likita, kamar asibitin dabbobi na gwamnati da ke La, ko Makarantar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ghana da ke Legon. Amma idan ka ga ta lashi sabon abu, ta tara kumfa a baki tana shafawa a ƙayoyinta, kada ka tsorata, halinta ne, ba hauka ba ne.

Abin da ya fi shafar iyali shi ne cututtukan da take iya ɗauka ba tare da ta nuna alama ba. Na farko makero, wanda ke kama hannun mai taɓa ta. Na biyu ƙwayar cutar salmonela da ke cikin kashinta, mai kawo zazzaɓi da gudawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙidaya mutum 26 da suka kamu ta wannan hanya tsakanin 2011 da 2013, ɗaya ya rasu, sannan mutum 54 tsakanin 2018 da 2019. Wannan fa a ƙasar da kusan kowane gida ke da famfonsa. Mu da iyalai da yawa ke tarayya a famfo ɗaya da madafa ɗaya mun fi bukatar kiyayewa. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta ko akwatinta. Kada a sumbace ta, kada a hau da ita gado, kada a kai ta inda ake girki. Kada a wanke kwanonta inda ake wanke-wanke ko inda ake alwala. Gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko mai ciki, ko tsoho mai rauni, ko majinyaci, ya haƙura da ita. Rigakafi ya fi magani.

Shawara ta ƙarshe

Maigida ya tambayi kansa abu 3: ina da wuri mai inuwa da shiru? Ina da halin sayen abincinta da biyan likita har shekara 5? Akwai babban da zai kula da ita ranar da yaro ya gaji da ita? Idan amsa ɗaya ta zama a'a, to barin ta a daji shi ne tausayi, can ma tana yi wa manomi aikin cinye ƙwari. Wadda aka kamo ba da jimawa ba a mai da ita inda aka ɗauko ta, a sake ta da magariba a cikin ciyawa. Wadda ta daɗe a hannu kuma a tuntuɓi jami'an namun daji a kanta, kada a jefar da ita a bola. Yaron da ke son dabbobi a kai shi gidan namun daji da ke dajin Achimota, wanda manyanmu suka sani a maƙwabtanmu Kanda kafin a tashe shi a 2006, ya gani ya koya.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da ke ƙarƙashin hannunmu, mai magana da marar magana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, idan Allah Ya kai mu.